Pogácsa da ganyen tafarnuwar daji: me ya sa tawa ta ƙi tashi?

Ummi Pécs: Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah masu hannu a girki ku taimaka min. Dattijuwar da nake haya a gidanta ta je kasuwa ranar Asabar ta dawo min da ƙulli biyu na ganyen tafarnuwar dajin nan da mutanen Hangari ke kira medvehagyma, ta ce yanzu ne lokacinsa, in ya wuce ni sai baɗi. Bara ta taɓa ba ni pogácsa, wato ɗan ƙaramin burodinsu mai gishiri-gishiri, da ta yi da shi, har yau ɗanɗanon bai bar bakina ba: waje rumus, ciki laushi, falle-falle. Jiya na gwada da rabin kilon fulawa, bota, yis, madara, tejföl (kirim ɗinsu mai tsami), gishiri da ganyen. Ƙamshi kam ya cika gidan, amma ta fito a daskare, ba ta tashi ba, wasu sun karkace gefe guda, cikin kuma danƙo-danƙo. Ina son in kai mata wadda na yi da hannuna kafin ganyen ya ƙare. A ina na kuskure?

Maman Hanif Debrecen: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin in ce komai, amsa min abu uku. Botar narkar da ita kika yi ko a sandare kika sa? Madarar da kika jiƙa yis yaya zafinta yake? Ganyen kuma da kika wanke, kin bari ya tsane?

Ummi Pécs: Anti, narkarwa na yi a wuta don ta shiga fulawar da sauri. Madarar ma a tukunya ɗaya na ɗumama su, ta yi zafi sosai gaskiya. Ganyen na wanke na markaɗa a bilenda da ɗan ruwa.

Maman Hanif Debrecen: To kin gama ba kanki amsa. Madara mai zafi tana kashe yis, shi ya sa ba ta tashi ba. Ɗumi-ɗumi ake so, irin wadda za ki tsoma yatsa ki bar shi a ciki ba ki ji komai ba. Narkakkiyar bota kuma fulawa shanye ta take yi, ba za ki taɓa samun falle-fallen nan ba. Markaɗen shi ya kawo danƙon, domin ganyen da kansa ruwa ne da shi, kin kuma ƙara masa wani.

Ga yadda nake yi, shekara ta shida ke nan. Fulawa giram 500, ta farar jaka mai rubutun BL55. Bota mai sanyi daga firji giram 200. Ɗanyen yis giram 25, wato rabin dunƙulen nan na giram 50 da ake sayarwa kusa da madara. In busasshe ne, fakiti ɗaya na giram 7. Madara rabin kofi da ƙaramin cokali na sukari. Tejföl giram 150, gwaiduwar ƙwai biyu, gishiri ƙaramin cokali biyu, ganye giram 100.

Ki marmasa yis a madarar da sukarin, ki jira minti goma ya yi kumfa. In bai yi kumfa ba kada ki ɓata fulawarki, ki sake wani. Ki yayyanka botar ƙanana ki mutsuttsuke ta da fulawa da gishiri da kan yatsu har ta koma kamar tsakin masara. Ganyen ki wanke, ki shanya a kan tawul ya bushe sarai, ki yanka da wuƙa siriri kamar yankan lawashi. Sai ki haɗa duka ki kwaɓa, ba dogon bugu irin na burodi ba, ya dai haɗe ya daina kama hannu. Ki rufe ki bar shi kamar minti arba'in.

Daga nan sai ninki. Ki murza shi ya yi faɗi, ki ninko gefen dama zuwa tsakiya, na hagu a kansa, sannan sama da ƙasa haka nan. Ki rufe ya huta minti ashirin. Sau uku za ki yi. A na ƙarshe ki murza ya kai kaurin yatsa biyu, ki zana samansa da bakin wuƙa layi-layi a gicciye, ki fitar da ƙaramin kofi. Ki shafa ƙwai, ki barbaɗa gogaggen cuku, trappista ya isa. Obin digiri 190, minti 18 zuwa 20.

Yaya Bala Szeged: Anti ta yi bayani, amma ta bar maganar karkacewa. Abu biyu ke kawo ta. In kika danna kofin kika murɗa shi, kin liƙe gefen kwaɓin, sai ɓangare ɗaya ya tashi ɗaya ya maƙale. A miƙe za ki danna, a miƙe ki ɗaga, kina tsoma bakin kofin a fulawa. Na biyu ƙwai. In ya zuraro ta gefe, yana bushewa a wuta kafin kwaɓin ya kumbura, sai ya riƙe wajen kamar gam. Saman kawai za ki shafa. Na yi aikin hutu a wajen gashin burodi, tire nawa aka dawo min da shi a kan wannan ƙwan kaɗai.

Ummi Pécs: Wallahi Yaya duk biyun na yi. Na gode ƙwarai. Wata tambaya, a takardar da dattijuwar ta rubuta min na ga 50 dkg, ban gane ba, shi ya sa na bar takardar na yi da ka.

Yaya Bala Szeged: Dekagiram ke nan, su da shi suke awo, ko a kanti za ki ji suna cewa a ba su deka ashirin na cuku. Deka ɗaya giram goma. 50 dkg rabin kilo ne, ashe kin dace a nan.

Binta Biyana: Ku yi haƙuri in katse ku, domin abin da ke raina ya fi tashin kwaɓi muhimmanci. Ummi, naki daga kasuwa ya fito, Alhamdulillah. Amma na san ku mutanen Pécs dutsen Mecsek yana bayan gidanku, kuma da zarar an ji daɗin abin nan sai a ce bari mu je mu tsinko da kanmu tunda kyauta ne. Nan Ostiriya Bärlauch suke ce masa, kuma duk shekara in lokacinsa ya zo sai an yi ta jan kunnen mutane a kai. Akwai ganyaye masu guba da suke kama da shi, wani lokaci a tsakiyarsa suke tsirowa. Ɗaya shi ne wanda mutanen Hangari ke kira gyöngyvirág, mai fararen furanni kamar ƙananan ƙararrawa, gubarsa zuciya take taɓawa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne őszi kikerics. Wannan yana kisa, dafuwa ba ta kashe gubarsa, gashi ma haka, kuma ba nan take yake nuna kansa ba, sai bayan awoyi amai da gudawa su fara. Don Allah wanda bai san ganyen nan ido da ido ba ya tsaya a na kasuwa.

Abban Sadiq: Hajiya Binta, ai abin bai kai haka ba. Ka murza ganye a yatsa ka sunsuna, in ya yi warin tafarnuwa shi ne, in bai yi ba ka yar. Mu haka muke yi kuma lafiya lau.

Binta Biyana: Malam, wannan gwajin a ganyen farko kaɗai yake aiki. Da ka murza ɗaya, yatsunka sun ɗauki warin, ko ganyen mangwaro ka taɓa bayan nan tafarnuwa za ka ji. Kai da ke tsinkar ɗaruruwa, a na nawa za ka daina yarda da hancinka? Ido ake sa wa. Na gaskiyar kowane ganye da siririn karansa yake fitowa daga ƙasa shi kaɗai, yana da laushi, samansa na sheƙi, bayansa dusu-dusu. Gyöngyvirág ganye biyu ne a kara ɗaya, sun fi tauri, bayansu ne ke sheƙi. Kikerics ba shi da kara sam, ganyen masu kauri ne, a dunƙule suke fitowa daga gindi ɗaya. Kuma ɗaya-ɗaya ake tsinka, ba a damƙo a fizgo kamar mai yankan ciyawar akuya, domin a damƙar ne baƙon ganye ke shiga.

Abban Sadiq: Maganar yatsa ban taɓa kawo ta a raina ba, kuma gaskiya ce. Sai dai ni da wani abokin aikina ɗan ƙasar nake zuwa, tun yana yaro yake tsinka.

Binta Biyana: To wannan daban, kana da jagora. Amma ka ga yadda ka rubuta a farko, wata ɗalibar da ta zo watan Satumba za ta karanta ta tafi ita kaɗai da hancinta. In Allah ya kiyaye wani ya ci ya ji ba daidai ba, lambar gaggawa 112 zai kira nan take, ya ajiye ragowar ganyen a nuna wa likita.

Maman Hanif Debrecen: Ku ƙara da cewa ba ko'ina ake tsinka ba. A dajin gwamnati abin da aka yarda mutum ya ɗiba don amfanin gidansa kilo biyu ne a rana, wuraren da aka keɓe don kariya kuma sai da izini. Ganyen ake ɗauka, a bar kan a ƙasa don ya fito baɗi. Mu nan Debrecen fili ne shimfiɗe, a kasuwa nake sayen nawa. Ummi ku ne a gidansa, ai har biki ake yi masa a Orfű kusa da ku a wannan lokacin.

Ummi Pécs: Eh Anti, dattijuwar ta ba ni labari. Ita ce ma ta ce min sunan yana nufin albasar beyar, wai in dabbar ta farka daga barcin hunturu shi take fara nema.

Malam Habu Budapest: Ni tambayata daban ce, kuma ina yi ne don Allah. Ummi, waccan da aka ba ki bara, kin tambayi da wane mai aka yi ta? Mutanen nan kitsen alade shi ne man girkinsu na gado, kuma pogácsa na cikin abubuwan da aka fi sa shi. Akwai ma wadda ake kira tepertős, da niƙaƙƙen soyayyen kitsen alade ake kwaɓa ta, za ku gan ta da ɗigo-ɗigon ruwan ƙasa. Na ga 'yan'uwa sababbin zuwa suna saye a tashar jirgin ƙasa suna ci, a zatonsu burodi ne da cuku kawai.

Ummi Pécs: Malam na tambaya. Tun ranar da na tare na gaya mata abin da ba na ci, kuma a gabana ta fito da botar. Har tire daban take sa min.

Malam Habu Budapest: Madalla, Allah ya saka mata. Ga sauran jama'a, ku riƙe kalmomin nan: sertés alade ne, zsír kitse, sertészsír kitsen alade, vaj kuma bota. In a leda take ku karanta bayanta. In a shagon gashi ne ku tambaya, "Van benne sertészsír?", wato akwai kitsen alade a ciki? Kada ku ce tunda sajtos ce, mai cuku, shi ke nan. Cukun a sama yake, kitsen na iya kasancewa a cikin kwaɓin.

Yaya Bala Szeged: Gaskiya ne Malam, sai dai kada a sa mutane su ɗauka duk ta kanti haka take. Da yawa da majarin ake yi don ya fi arha. Tambayar dai ita ce wajibi.

Malam Habu Budapest: Ban ce duka ba, Bala. Na ce a tambaya. Kuma wanda ya iya yi a gida kamar yadda Maman Hanif ta koyar ya huta da wannan duka.

Sani Istanbul: Ina ta karatu ina mamaki. Wannan ai poğaça ce, abin karin kumallonmu a nan, kowane lungu ana sayarwa. Turkawa sun mulki yankinku kusan shekara 150, Pécs ɗin ma har yau ginin masallacinsu na tsakiyar gari. Daga wajensu suka koya ke nan.

Yaya Bala Szeged: Sunan ɗaya ne Sani, amma kada ka yi saurin yanke hukunci. Asalin kalmar daga Latin take, daga sunan murhu, wato burodin da aka gasa a murhu, kuma daga nan focaccia ta Italiya ta samo suna. Sabiyawa da Kuroshiyawa ma suna da pogača, tasu babban burodi ne zagayayye. Sunan ya zaga yankin ne, kowa ya yi tasa. Na ci taku: laushi gare ta kamar burodin madara, an cusa cuku ko dankali a ciki. Ta nan ƙarama ce, loma ɗaya ko biyu, gishiri-gishiri, ba a cusa mata komai, duk abin da za a sa a cikin kwaɓin yake.

Maman Hanif Debrecen: Kuma ta shiga jininsu sosai. A tatsuniyoyinsu in ɗan auta zai shiga duniya, uwarsa pogácsa gasasshiya a toka take ƙulle masa a jaka. Har yau ranar da yara ke bankwana da makarantar sakandare ana rataya musu 'yar jaka da pogácsa a ciki da ɗan gishiri da kwabo. Da na gani a bikin ɗiyar maƙwabciyata sai da na yi ƙwalla, na tuna ƙullin dambun nama da ƙuli-ƙuli da mahaifiyata ta cusa min a akwati ranar da zan taho.

Anti Rabi Kano: Sannunku mutanen Turai. Ɗiyata ce ta sa ni a nan, ni ina Kano, kuma duk kun tayar min da kwaɗayi. Ganyen naku babu shi a nan. In na sa lawashi da 'yar tafarnuwa, kindirmo a madadin tejföl ɗin nan, ba zai yi ba?

Abban Sadiq: Hajiya zai yi daɗi, amma wani abu ne daban. Ganyen nan ba albasa ba ne, ba kuma tafarnuwar da muka sani ba. Yana da ƙamshin tafarnuwa amma a sanyaye, da ɗanɗanon ɗanyen ganye, ba ya yaji a harshe. Duk daɗin abin ma shi ne makonni kaɗan yake yi a shekara, daga Maris zuwa lokacin da zai yi fure, daga nan ganyen ya tsufa. In aka cire shi, me ya rage?

Maman Hanif Debrecen: Pogácsa ta rage mana, Abban Sadiq. Su kansu masu abin wata goma suna yin ta ba ganyen: da cuku, da dankali, da túró (wani farin cuku mai taushi), da bota zalla. Ganyen baƙon bazara ne. Abin da ya mai da ita pogácsa shi ne mai sanyi, ninki, da zanen nan na sama. Hajiya Rabi ki yi abinki. Lawashi ɗanye mai kyau, koren kaɗai, kamar cikin hannu biyu, da tafarnuwa ƙwaya biyu a daka lukwi. Kindirmon ki zuba a ƙyalle mai tsabta ki rataye awa biyu ruwan ya tsane, domin tejföl kirim ne mai tsami, ya fi kindirmo kauri da maiƙo. In kin ga kwaɓin ya bushe ki ƙara cokali ɗaya na bota.

Abban Sadiq: Ban ƙi ba, amma in ta zo ziyara ta ci ta gaskiyar za ta ce na faɗa.

Anti Rabi Kano: Allah ya kai mu in zo in ci. Matsalata zafi ne. Yanzu a Kano ko ka fito da bota daga firji kafin ka juya ta narke, wutar ma ba kullum ba.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, matata tana yin mitfai na sayarwa a wannan zafin, da asuba take kwaɓi kafin rana ta ɗaga. Tana sa kwanon kwaɓin a cikin babbar roba mai ƙanƙara tsakanin murji da murji. Ga mai son cuku a sama, namu na Nijar busasshe ne, ba ya narkewa kamar na Turawa, gara a daka shi a zuba cikin kwaɓin, saman a barbaɗa riɗi.

Yaya Bala Szeged: Riɗin daidai ne, nan ma ana sawa. Hajiya, in ninkin zai ba ki wahala akwai hanya mai sauƙi da suke yi da túró, wani farin cuku mai taushi da ɗan tsami: fulawa, bota da túró awo ɗaya-ɗaya, giram 250 kowanne, da gishiri, a kwaɓa a kwana da shi a firji. In kin tsane kindirmo sosai ya yi kauri kamar ya dunƙule, ya kusa da shi. A zafin Kano kuma in da yis kika yi, kada ki jira minti arba'in, da ido za ki duba, yana iya tashi a rabin haka.

Anti Rabi Kano: Obin ɗina na lantarki ne, in ba wuta a tukunya nake gasa kek, da yashi a ƙasa da garwashi a kan murfi. Zai yi?

Maman Hanif Debrecen: Zai yi, amma tukunyar ta yi zafi sosai kafin ki jera su. Zafin farko ne ke ɗaga fallen. In wutar ta yi sanyi botar za ta tsiyaye ƙasa ta soya gindin, saman bai tashi ba. Ki yi su ƙanana, bakin ƙaramin gwangwanin tumatir ya isa, kuma garwashin murfi ya fi na ƙasa yawa.

Ummi Pécs: Jama'a na dawo. Yau da safe na sake, na bi maganar Anti ɗaya bayan ɗaya. Yis ya yi kumfa, botar daga firji, ganyen na shanya tun daren jiya. Sun tashi, sun miƙe, in ka ɓare ɗaya kana ganin fallen da ɗigon kore a ciki. Huɗu ne kawai suka karkace, na ƙarshen da na haɗa guntayen kwaɓi na sake murzawa. Na kai wa dattijuwar da zafinsu. Ta ɓare, ta sunsuna, ta ci biyu a tsaye. Ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan, kuma in ƙara ganye, domin wuta na cinye rabin ƙamshinsa. Sannan ta ɗauko abin fitar da pogácsa na ƙarfe daga durowarta ta ba ni, ta ce na mahaifiyarta ne.

Binta Biyana: Masha Allah Ummi, na ji daɗi har raina.

Yaya Bala Szeged: Guntayen nan kada ki dunƙule su, ki jera su kan juna ki danna a hankali sannan ki murza, fallen ba zai rikice ba.

Ummi Pécs: To Yaya. Saura ƙulli ɗaya ya rage, ya fara laushi. Yaya zan adana shi ya kai ni bayan jarrabawa?

Maman Hanif Debrecen: Kada ki shanya shi ya bushe kamar kuka, ƙamshin guduwa yake. Ki yanka yau ɗin nan, ki cuɗa da bota mai taushi da ɗan gishiri, ki naɗe a takardar gashi kamar tsiran alawa ki sa a firiza. Ranar da za ki yi pogácsa sai ki goga botar a magogi kai tsaye cikin fulawa tun tana a daskare, ki rage gishirin kwaɓin kaɗan.

Anti Rabi Kano: Ni ma na rataye kindirmona tun ɗazu. Gobe da asuba in sha Allah.